Neman Shawara: Kacici-kacicin littattafanmu ya fara kawo saɓani

Assalamu alaikum 'yan uwa masu son karatu. Ni ce ke shirya kacici-kacicin adabi a zaurenmu na WhatsApp duk daren Asabar. Da farko abin gwanin sha'awa, amma yanzu mutum biyu ne kullum ke cinyewa, sauran sun fara janye jiki. Wasu na zargin ana leƙa Google kafin a amsa, wasu kuma na cewa ƙarfin sabis ne ke cin gasa. Matasanmu da suka saba da littattafan da ake sakawa a waya sun ce tambayoyin duk na tsofaffin littattafai ne. Makon jiya kuma na tambayi shekarar Ruwan Bagaja, wata ta ce 1933, wani ya ce 1934, aka yi ta musu har wadda ta ce 1933 ta fice daga zauren. Ban son wannan abu ya mutu, domin ta dalilinsa mutane da yawa suka koma karatu. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani malamin Hausa daga Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Dukansu biyu suna da hujja, tambayar ce ba ta fayyace ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, a 1934 kuma aka buga littafin Abubakar Imam. Sai ki riƙa cewa "shekarar gasa" ko "shekarar bugawa". Amma ni a ganina ki rage tambayar shekaru da sunan marubuci gaba ɗaya. Wa ya rubuta Gandoki? Cikin daƙiƙa kaɗan waya za ta ce Bello Kagara, ko mutum bai taɓa ganin bangon littafin ba. Ki shiga cikin labarin. Ki tambayi dalilin da ya sa aku ke jero wa Musa labarai a littafi na farko na Magana Jari Ce. Wanda ya karanta ya san dabara ce ta riƙe yaron kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ko ki ce a kawo ɗaya daga cikin ƙullin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi wa juna a Ruwan Bagaja. Irin wannan sai wanda ya zauna da littafi, kuma amsar kan jawo hira mai daɗi bayan an gama.

Wata 'yar uwa daga Damagaram: Anti, maganar sabis gaskiya ce. Mu nan kafin tambaya ta iso mana an riga an amsa. Ki daina ba wanda ya fara amsawa maki. A ba da minti biyar, kowa ya turo amsarsa ta akwatinki, duk wanda ya dace ya samu. In za ku iya komawa Telegram, akwai tsarin ƙuri'a na kacici-kacici wanda ke nuna wa mutum amsar daidai bayan ya zaɓa.

Wani matashi daga Kano: Mama, da girmamawa, mu ma a tuna da mu. Adabi bai tsaya a 1934 ba. A sa zagaye na littattafan Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, a sa na labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, sannan a bar mu mu zaɓi ɗaya daga cikin na waya. Ku karanta namu, mu karanta naku.

Wata uwa daga Katsina: Na goyi bayan ɗana. Abin da zan ƙara, ki sanar da littafin da za a yi tun sati biyu kafin ranar, kowa ya nemo ya karanta. Ki kuma raba mutane rukuni-rukuni, ki watsa gwanayen nan biyu, kowane rukuni a haɗa babba da yaro. In akwai kyautar katin waya, kada a tara kuɗin daga masu fafatawa, kar abin ya yi kama da caca. Wani ya ɗauki nauyi kawai. Ita kuma wadda ta fita, ki kira ta da kanki, ba rubutu ba, ki faɗa mata amsarta na da tushe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kira ta yau in sha Allah. Malam, ko za ka taimaka ka riƙa duba mana tambayoyin kafin ranar Asabar?

Malamin Hausa: Ba komai Hajiya, ki turo min su zuwa ranar Alhamis.