Rakman ɗaya ko biyu? Abin da magoya baya suka ce

A ƙwallon Ostireliya, wasan da ake yi da hannu da ƙafa, rakman shi ne dogon nan da ke tsalle ya doka wa abokansa ƙwallo idan alƙali ya jefa ta sama. An daɗe ana musu kan ko ɗaya ya isa wa ƙungiya, ga kuma abin da na tsinta.

Masu son biyu sun kafa hujja da ƙungiyar Melbourne ta 2021: Max Gawn da Luke Jackson suka ɗauki kofi tare, domin Jackson na iya komawa gaba ya ci maki yayin da Gawn ke tsakiya.

Ɗaya ɓangaren ma Melbourne ɗin suka nuna. A 2023 an haɗa Gawn da Brodie Grundy, kowannensu ya saba zama babban rakman a tsakiya. Abin bai yi armashi ba, aka ajiye Grundy, daga baya ya koma ƙungiyar Sydney. Wannan ya taɓa ni, don gwani ne na gaske.

Shawarar da ta fi rinjaye, ni ma ita na bi: kada a sa na biyu sai in yana cafke ƙwallo a gaba. In ba haka ba, gara a ba mai gudu gurbin, musamman ranar ruwan sama da ƙwallo ke santsi a ƙasa.