Hoton karkara da ƙyalle: haɗa atamfa, fata da buhu ba tare da aikin ya tattare ba

Sabuwar Allura:
Assalamu alaikum masu sana'a. Ina haɗa hoton karkara na ƙyalle, faɗinsa santimita 60, tsayinsa 40. Sama farin yadi ne da ƙyallen rini na shuɗi, duwatsun nesa shadda ce, gona atamfa, bishiyar kuka kuma da jar fata na yanke ta, ƙasar gaba buhun algarara. Matsala uku ce. Da na gama ɗinki sai tsakiyar ta kumbura, gefuna suka tattare. Shuɗin ya ɓata farin saman. Fatar kuma tana yagewa daidai kan layin ɗinki. Kekena baƙi ne na ƙafa, ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi. Ina kuskuren yake?

Tsohon Tela:
Wa alaikumus salam 'yata. Tattarewar nan tun kafin allura ta taɓa ƙyallen aka jawo ta. Kin haɗa kaya huɗu da kowanne da halinsa: atamfa tana shiga idan ta ji ruwa ko tururi, shadda sitaci ne ya riƙe ta, buhu saƙarsa sakwa-sakwa ce yana miƙewa, fata kuwa ba ta motsi. Yadin auduga da ba a wanke ba yakan rage kamar santimita 3 zuwa 5 a kowace mita. Saboda haka duk abin da ke wankuwa a wanke shi, a shanya, a goge, sannan a sa almakashi. Shadda ce kaɗai za ki yi shawara a kanta, domin wanki yana rage mata ƙyalli. In ƙyallin kike so, ki bar ta haka, amma kada tururi ya kusance ta har a gama.

Sai gindin aikin. Ki sami yadi mai kauri wanda ba ya miƙewa, irin zawwati mai nauyi ko kaki, ki yanke shi bisa tsayin zare, kada ki yanka a karkace, ki ƙara santimita 5 a kowane gefe. A bayansa ki manna gam ɗin nan mai tauri da muke sa wa kwalar riga. Wannan shi ne zai hana ɗinki jan yadin. Ƙananan ƙyallayen kuma ki kafe su da siririn gam mai manne fuska biyu, irin na kalmasa, da dutsen guga, kafin ki hau keke.

Jerin aikin daga nesa yake farawa: sama, duwatsu, gona, sai gaba. Kowane sashe ya hau kan na bayansa da santimita 1. Ɗinki kuma daga tsakiya zuwa gefe, kuma kada ki cika wuri ɗaya da zare ki bar wani fayau. Inda ɗinki ya yi yawa yadi yana tsukewa, inda babu sai ya kumbura, abin da kika gani ke nan. In gona ta sha layi kusa da kusa, to sama ma ta samu layuka ko da tazarar yatsa biyu ce. Allura lamba 12 ko 14 ta ishi auduga. Ki ɗan sassauta zaren sama, ki gwada a guntun ƙyalle har kullin zaren ya ɓoye a tsakiyar yadi.

'Yar Marina:
Baba ya gama da maganar tattarewa, bari in ɗauki ta shuɗi. 'Yar'uwa, baba, wato shuɗin rinin marina, ba ya kama zare yadda sauran rini ke kamawa. A kan zaren yake zama, shi ya sa gogayya kaɗai ta isa ta kwashe shi, ko da ruwa bai taɓa ba. Gishiri da ruwan tsami da ake cewa a jiƙa a ciki ba sa kafe baba, kada ki ɓata lokacinki. Maganinsa wanki ne da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, sau uku ko huɗu, a ɗauraye har ruwan ya fito garau. Bayan ya bushe ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kai sau goma da ƙarfi. In ya ɗauko launi, a koma wanki.

Idan kuma ƙyallen irin mai ƙyallin nan ne da aka buga da garin baba, kamar rawanin ɗan Kura, to ba na wannan aikin ba ne sam. Ƙyallinsa garin ne, wanki zai tafi da shi, rashin wanki kuma zai shafe miki duk abin da ke kusa. In za ki saya a marina irin ta Ƙofar Mata, ki nemi wanda aka rina aka wanke ba a buga ba, kuma ki karɓi kala uku: mai tsomi ɗaya, mai matsakaici, da mai duhu. Sama ta fi duhu a can bisa, tana haske tana sauka zuwa inda ta haɗu da ƙasa. Da kala ukun nan ba ki ma buƙatar farin yadi tsantsa, wanda dama shi ne ke tona asirin kowane tabo.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya shafi duwatsunki: abin da ke nesa launinsa yana dusashewa, kamar yadda hazo ke yi wa tsauni da hunturu. Shadda mai ƙyalli a nesa tana tsalle ta zo gaba, ta rushe zurfin hoton. Ki shimfiɗa mata farin net mai laushi, irin na mayafin amare, ninki ɗaya a kan dutsen kusa, ninki biyu a kan na can baya. Atamfa mai arha ma bayanta ya fi gabanta kodewa, juya ta kawai za ki yi ki samu gonar nesa daga ƙyalle guda. Sai dai net roba ne. Zafin da auduga ke so, wajen digiri 200, narkar da shi zai yi nan take. Ki mayar da dutsen guga kan ɗigo ɗaya, wajen digiri 110, ki kuma sa ƙyalle a tsakani. In na gawayi ne, net ya zama abu na ƙarshe bayan an gama duk wata guga.

Baduku:
Hajiya, fata ba yadi ba ce. Allura tana ratsa tsakanin zaren yadi ne, ita kuwa fata huda ta take yi, kuma hudar ba ta rufewa. Ɗinki ƙanana kusa da kusa tamkar yanka ne, shi ya sa take yagewa a kan layi. Ki buɗe tsawon ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, ki sa allurar fata lamba 16 mai baki kamar wuƙa, kuma kada ki koma baya don kulle ɗinki. Ki jawo zaren biyu ta baya ki ɗaure da hannu. In ƙafar keke tana kama fatar, ɗora siririyar takarda a kai ki ɗinka tare, daga baya ki yage ta.

Fatar ta zama ta akuya, a fere bayanta da aska har gefen ya yi ƙasa da milimita 1, in ba haka ba kukar za ta zauna kamar faci. Kada fil ya taɓa ta. Fatar da aka jeme da bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe da ɗanshi baƙi take yi, kuma baƙin yana bin yadi. Ki kuma gwada maiƙonta: ki danne guntu tsakanin farar takarda biyu ƙarƙashin abu mai nauyi kwana biyu. In takardar ta yi tabo, haka zai yi wa samanki, sai ki canza fata ko ki sa mata shafi a baya. Dutsen guga ba ya hawa kanta.

A nan na ɗan saɓa da Baba kan gam na zafi: ga fata, farin gam na kafinta ya fi, ɗan kaɗan a tsakiya, a bar milimita 5 daga gefe don kada allura ta bi ta cikinsa ta yi danƙo.

Sabuwar Allura:
Allah ya saka da alheri. Saura buhun, yana ta zubar da zare. Kuma ina so in sa busasshiyar ciyawa ta gaske a gaba.

Tsohon Tela:
Buhu a wanke shi tukuna, yana ɗauke da ƙura da maiƙo. Ki dama farin gam kashi ɗaya da ruwa kashi uku, ki shafa a layin da za ki yanka, ya bushe, sannan ki yanka ta tsakiyar wurin. Layi biyu na ɗinki kusa da gefe sun isa tunda kekenki ba ya zigzag. In kina son gezar ta zama kamar ciyawa, ki zare zaren kwance sama da layin ɗinkin da gangan.

Ciyawa ta gaske kuwa tana zuwa da ƙwari. Ki ƙulle ta a baƙar leda ki ajiye a rana mai zafi wuni biyu, sannan ki kafe ta da hannu, zare yana haye ta, allura ba ta huda ta. In za a sa gilashi, a bar tazarar aƙalla milimita 5 tsakaninsa da aikin, domin da damina ɗanshi yana taruwa a jikin gilashi, fata da buhu kuma su ne ke fara yin fumfuna.