Hannun mutum-mutumi yana cijewa idan na rage gudu

Jama'a, don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Ina sarrafa hannun mutum-mutumi daga nesa. Da gudu lafiya lau yake tafiya, amma da na lallaɓa shi zai ɗauki ɗan noti, sai gwiwar ta cije, can kuma ta fizge ta wuce wurin. Gogayyar haƙoran giyar da ke cikin gwiwar ce, na sani. Na ƙara wa injin ƙarfi bisa lissafin Coulomb (lissafi mai sauƙi na ƙarfin gogayya), yana bin inda gaɓar ta juya, sai ga karkarwa duk sanda gudu ya kusa sifili, har mariƙin sarrafawa da ke hannuna yana ɓari. Na rage ƙarfin, cijewar ta dawo. Shin lissafin LuGre (wani lissafin gogayya da ke la'akari da cijewa da fizgewa) zai magance wannan, ko ma'aunin gudun ne ke ruɗa ni? Na'urar auna ƙarfi dai ba ni da ita.