Tsohuwar da nake kula da ita tana wani Turanci da ban taɓa ji ba

Baƙuwar Newcastle:
Salamu alaikum jama'a. Wata na huɗu ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Newcastle da ke arewacin Ingila, kuma Turancin da na ci jarrabawa da shi a Kano nema yake ya ba ni kunya. Akwai wata tsohuwa mai shekara 88 da nake yi wa wanka ina ba ta magani. Ranar farko ta dube ni ta ce "pet". Raina ya ɓaci, na ce to, yau ni ce kyanwar gidan? Har ƙara na kai wa shugabar sashenmu, ita kuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki, wai a nan haka ake kiran wanda ake so, kamar mu ce 'yar lele.

Wannan ya wuce. Amma kullum da la'asar sai ta kama hannuna ta ce "gan hyem", ta kuma tambaye ni ina "bairn" ɗinta. Jiya na shigo da taɓo a takalmi, ta nuna ta ce "clarty". Tsufa ne ya rikita mata harshe ko wani yare ne? In rikicin tsufa ne, dole in sa a takardar rahoto.

Ɗan Sakkwato a Leeds:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki sa a rahoto, harshenta ƙalau yake. Karin maganar mutanen garin ne, Geordie ake ce musu. "Gan hyem" na nufin tafiya gida, "bairn" ɗa ko yaro, "clarty" kuma abin da ya ɓaci da taɓo. In kin ji "gan canny", cewa take ki tafi a hankali. Mu nan Yorkshire namu daban: "nowt" babu komai, "owt" wani abu. Ke da kika fito Kano, ai haka kuke yi mana dariya in mun ce "shina zuwa", alhali masana harshe sun ce namu ya fi riƙe tsohuwar Hausa.

Tsohon Malami:
Hajiya, kin faɗa gidan tsohon Turanci ba ki sani ba. Mutumin Landan ya ɗauka 'yan arewacin Ingila ne suka ɓata harshen, alhali a wurare da yawa shi ne ya sake baki. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, "bearn" ake ce wa ɗa, "gan" tafiya, gida kuma "hus", da wasali mai tsawo kamar na "kuka". Shi ya sa in kin saurara za ki ji tsohuwarki na cewa "hoose" da "toon" maimakon "house" da "town". Kudu ce ta karkatar da wasalin daga baya, arewa ta tsaya inda take.

Sai kuma 'yan Viking, mayaƙan teku daga wajajen Denmak da Norway, da suka far wa tsibirin Lindisfarne, arewa da inda kike, a 793, suka ci birnin York a 866. A Yorkshire sawunsu ya fi yawa: "beck" rafi, "laik" wasa, kuma titunan York irin su Coppergate, "gate" ɗin nan titi ne a harshensu, ba ƙofa ba. Har gobe mutumin Denmak "barn" yake ce wa yaro, gida kuma "hjem".

Wanda ya tattara kalmomin nan shi ne Joseph Wright, mutumin kusa da Bradford. Tun yana yaro ƙarami yake leburanci a masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15, amma ya mutu farfesa ne na Oxford. Ƙamus ɗinsa na karin harsunan Ingila ya fito a kundi 6, daga 1898 zuwa 1905. Da nake koyarwa ban taɓa faɗa wa ɗalibai wannan ba, sai dai in ta jan layi da jar biro, Allah Ya yafe mini.

Jikar Mai Koko:
Anti, don Allah ki tambaye ta "bob" da "tanner". Su ne sule da sisin da kakata ke lissafi da su har ta rasu. Ingila ta bar wannan lissafi a 1971, mu muka koma naira a 1973.

Baƙuwar Newcastle:
Na gode ƙwarai, Baba Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Na tambaye ta "tanner" da safe, sai da ta tashi zaune, ta ba ni labarin alawar da take saya da shi tana yarinya, har shayinta ya huce. "Bairn" ɗin ma ya zo ziyara yau. Ina ta baza ido in ga yaro, sai ga dattijo mai sanƙo da sanda, ya ba shekara 60 baya. Da zan tashi aiki na ce mata "gan hyem", ta daki hannuna ta ce, "Gan canny, pet."