Hoton dare yana fitowa da yashi-yashi: laifin kaset ne ko na kyamara?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. Kyamarar Sony ce mai cin kaset ɗin Hi8. Da rana hotonta ras, amma in ana ɗaukar kamu ko tafsiri bayan isha'i, musamman in an ɗauke wuta ana kan ƙwai biyu na janareta, sai hoton ya cika da yashi-yashi, wurare masu duhu su riƙa motsi da ɗigo ja da shuɗi. An ba ni shawara in koma MiniDV ko Digital8. Shin canza kaset zai magance wannan? Sannan tsofaffin da aka riga aka ɗauka, akwai yadda za a gyara su?

Mai Gyara, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan gwajin. Cire kaset ɗin gaba ɗaya, ka jona kyamarar da talabijin da wayar AV, ka rage hasken ɗakin kamar na wurin taron. In ka ga yashin a talabijin alhali babu kaset a ciki, ka wanke kaset daga zargi. Kuma kusan tabbas za ka gan shi.

Daga sansa matsalar take, wato ɗan farantin CCD da ke bayan gilashin gaba. A ƙananan kyamarori girmansa ɗaya bisa huɗu ne na inci, wasu ma ɗaya bisa shida. In haske ya yi ƙaranci, kyamara za ta buɗe ayris, wato ƙofar shigar haske, iyakarsa, in bai isa ba sai ta ƙara wa siginar ƙarfi da kanta, abin da ake kira gein. Da dB ake auna shi: duk ƙarin 6 dB ninki biyu ne, 18 dB kuwa ninki takwas. Kamar rediyo ne da tashar ke nesa, kana ƙure murya shuuu ɗin yana ƙaruwa tare da maganar. Kaset abin da aka miƙa masa kawai yake rubutawa.

Ciwon kaset da na hed, wato abin da ke karanta kaset, kamanninsu daban ne da wannan yashin: farin layi mai gilmawa, hoto yana rawa daga ƙasa, ko dusar da ke rufe allo har a hoton rana. Wannan ƙurar hunturu ce ke yawan jawo shi. Sa kaset ɗin wanke hed na daƙiƙa goma, kada ka wuce sau biyu a jere, don yana cin hed ɗin.

Tsohon Mai Ɗauka, Unguwar Rimi:
Maganar mai gyara haka take, sai dai kaset ma yana da ɗan kasonsa, kada a wanke shi tas. VHS, da VHS-C, da Video8 na 1985, duk layi wajen 240 suke bayarwa, yawan layi kuwa shi ne ma'aunin tsaftar hoto. Hi8 da ya fito a 1989 da S-VHS suna kai wajen 400. Dukansu analog ne, kuma suna ƙara tasu hayaniyar, musamman a launi, shi ya sa jan lalle da jan leshi ke zuba a gefe. In aka ɗauka a LP, wato saitin da ke jan kaset a hankali don ya daɗe, abin ya ƙaru, in aka kwafa daga kaset zuwa kaset ya sake lalacewa.

MiniDV na 1995 da Digital8 na 1999 tsarin rubutunsu ɗaya ne, ɗigo 720 sau 576 a tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya, layi wajen 500. Ba sa ƙara yashi nasu. Amma kuma ba sa ɓoye na sansa, sai ma su fito da shi ƙuru-ƙuru. Ƙaramar MiniDV mai sansa ɗaya bisa shida tana iya fin Hi8 ɗinka muni da dare. Abin da ya sa masu ɗaukar biki suka riƙe Sony VX2000 da PD170 shi ne CCD uku ne a cikinsu, kowanne ɗaya bisa uku na inci. In za ka saya, girman sansa za ka tambaya kafin sunan kaset. A kula kuma, Digital8 yana jan kaset da sauri: Hi8 na minti 90 minti 60 zai ba ka.

Mai Gyara, Tudun Wada:
Na yarda da Baba. Ga abin yi a wurin taro, ɗan'uwa. Fitar da kyamarar daga otomatik, ka murza maɓallin haske ƙasa har yashin ya lafa. Matakan farko da kake ragewa gein ne. Gara bango ya yi baƙi fuskar amarya ta fito tsaf. Kada ka yi zum, domin a ƙarshen zum gilashin yana rage haske da rabi ko fiye, ka tako da ƙafarka. Shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga wa kowane hoto, ta zauna a 1/50 na daƙiƙa, daidai da wutarmu mai 50 Hz, in ba haka ba dogon ƙwai zai riƙa ƙyafta ido a hoton. In akwai 1/25 haske zai ninka, ya dace da malami a zaune, amma masu rawa za su yi inuwa-inuwa. NightShot, saitin ɗauka a duhu, kuwa bar shi, kore zai mai da kowa.

Babban maganin dai fitila. Fitilar LED mai batir a kan kyamara, ko biyu a kan sanda hagu da dama. Nisa yana da muhimmanci ƙwarai: fitilar da ke mita huɗu, in ka matso da ita mita biyu, hasken da ke kan fuska ya ninka huɗu, wato ka sauke 12 dB ke nan. Ka saita fari da farar takarda a ƙarƙashin fitilar kafin a fara.

Hajiya Mai Tace Hoto, Barnawa:
Game da tsofaffin kaset, Malam, ana ragewa amma ba a gogewa duka. Wajen juyewa zuwa kwamfuta ake yawan ɓata aiki. Hi8 a fitar da shi ta wayar S-Video maimakon wayar AV mai kai ruwan ɗorawa. In ka sami Digital8 mai karanta Hi8, don ba dukansu ke yi ba, sai ka juye ta FireWire, wayar da ke kai hoton dijital daga kyamara zuwa kwamfuta, awa ɗaya za ta ci wajen giga 13. Ajiye wannan fayil ɗin yadda yake. A kan kwafinsa za ka sa manhajar tace yashi irin Neat Video, wanda ke gwada hoto da na gabansa da na bayansa. Sa shi kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa fuska za ta koma kamar roba, adon hula ya ɓace. A tace kafin a matse fayil, domin WhatsApp na mai da yashi dunƙule-dunƙule.

Ɗan Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, kwamfutar ba ta da ramin FireWire, wayar da ke mai da shi USB za ta yi?

Hajiya Mai Tace Hoto, Barnawa:
Ba za ta yi ba, asarar kuɗi ce. In kwamfutar tebur ce, sayi katin FireWire a soka a ciki, da waya mai fil huɗu ta ɓangaren kyamara. Kashe kyamarar kafin ka jona, don ramin yana saurin ƙonewa.