Gudun ƙaddara guzurinta: wai me ake nufi ne?

Ɗan Kawo: Salam jama'a. Jiya muka yi cacar baki da yayana a kan zuwa bikin ƙanwarmu a Gusau, na ce ni fa ba zan bi hanyar Funtua zuwa Tsafe da yara ba, sai ya ce min gudun ƙaddara guzurinta, wai tsoro ne kawai ke damuna. To ni abin da ban gane ba, karin maganar nan cewa take kar mutum ya yi taka-tsantsan ko me? Masana a taimaka.

Baban Khalifa: Yayanka ya yi gaskiya. Ka tuna jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022? Da yawan mutanen ciki hanyar mota suka gudu saboda Rijana da Katari, suka biya kuɗi mai yawa don su tsira, ƙarshe a jirgin aka tare su, na ƙarshe sai watan Oktoba aka sako su. Wanda kwanansa bai ƙare ba ko ta Birnin Gwari ya bi zai kwana gida.

Malama Ta Zariya: Haba Baban Khalifa, ai ba haka ake ɗaukar magana ba. Annabi SAW cewa ya yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ni a fahimtata maganar jaje ce, bayan abu ya faru ake faɗa wa mutum don ya yi haƙuri, ba lasisin shiga daji da daddare ba ce.

Direban Golf: Malama mu da muke kan titi kullum fa? Idan ban fita ba yara me za su ci. Muna da namu ɗaurin raƙumin, ba ma tashi kafin gari ya waye, in ka ga minti goma babu motar da ta fito daga gabanka to ka faka ka jira, shi ke nan. Sauran kuma sai addu'ar tafiya.

'Yar Fagge: Ku tsaya in ba ku labarin kakata Allah ya jiƙanta. Tana sayar da ƙosai kusa da 'Yan Awaki lokacin rikicin Maitatsine a Disambar 1980, ta bar kaskon a kan wuta da man da komai ta goyi babata ta fita da ƙafa, daga nan ta rantse ita da Kano har abada. Ƙaninta ya ɗauke ta ya kai ta Maiduguri, unguwar Bulunkutu. Ba a yi shekara biyu ba, 1982, almajiran mutumin nan suka tashi rikici a Bulunkutun, ta sake gudu, wannan karon har da akuya a hannu wai ba za a yi mata biyu ba. Sai dangi suka ce to ta zo Jimeta wajen 'yar uwarta can lafiya lau ake, ta ce a'a, a mai da ita ɗakinta na Kano, in mutuwar ce ta same ta a kan tabarmarta. 1984 aka yi na Jimeta. Ta rayu har ta ga tattaɓa kunne, amma har ta rasu kaskon nan take cigiya, duk wanda ya zo daga Fagge sai ta tambaye shi.

Baban Khalifa: Kin gani! Ta daina gudu ta tsira.

Malama Ta Zariya: Ta gudu sau biyu ta tsira dai. Da ta tsaya juya ƙosai a 1980 da wa zai ba mu labarin?

Sarkin Zolaya: Ni dai da ni ne ɗan uwanta in na ji Hajiya za ta zo garinmu sai in tattara kayana hhh. Allah ya jiƙan kaka. Akuyar fa, ta kai Kano?

'Yar Fagge: An ci ta da sallah.

Ɗan Kawo: Allah ya jiƙanta, amma har yanzu ban samu amsa ba fa.

Sarkin Zolaya: Amsar tana wajen masu jiniya. Mutum da motar sojoji biyu gaba biyu baya, ko ya hau jirgin sama daga Abuja zuwa Kaduna, ya sauka ya hau mumbari yana ce mana tsaro ya inganta a daina tsoro. Tasu ƙaddarar ce dai ba ta son guzuri, sai lokacin kamfen za ka gan su a ƙauye da atamfa da taliya.

Direban Golf: Kar ka jawo a rufe mana grup malam. Ɗan Kawo in za ka je ka tashi da safe ka kwana Funtua in rana ta yi, kar ka yarda direba ya ce zai ƙarasa bayan la'asar.

Malama Ta Zariya: Mu a gidanmu ma "gudun ƙaddara guzuri ne" ake cewa, kuma ina ga ma'anar ta ɗan bambanta.

Ɗan Kawo: Yanzu kuma matar yayan nawa ta kira wai ita ma ba za ta ba. Nawa ne kuɗin motar Funtua yanzu daga Kawo?