Jirgin tururi a gadar Glenfinnan: waɗanda suka sani su taimaka

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Masu son hawa ko ganin jirgin Jacobite da ke tashi daga Fort William zuwa Mallaig a Sikotilan, me ya kamata su sani?

Ɗan Dogo: Wa alaikumus salam. Gadar Glenfinnan da jirgin ke hawa ta kankare ce zalla, baka 21, tsawonta mita 380, tsayinta mita 30, an buɗe layin a 1901. A lanƙwashe take, don haka in za a Mallaig a nemi kujerar hagu. Daga nan ne ake hango kan jirgin yana shan kwana, ga tafkin Shiel a ƙasa. Kada a leƙo da kai ta taga, garin kwal na faɗawa ido.

Mai Kyamara: Malam ya faɗi daidai. Mai son hoto kuwa ya tari jirgin safe mai tafiya Mallaig, yakan iso gadar kamar rabin awa bayan tashinsa. A dawowa kan jirgin da baya yake ja, tunda Mallaig ba wurin juya shi, hoton ba ya armashi. Wurin ajiye motoci kusa da gadar na cika da wuri, sannan akwai hawan tudu zuwa wurin ɗaukar hoto. Daga Yuni zuwa Agusta ƙananan ƙwari masu cizo ba sa ɗaga ƙafa, a tafi da magani.

Tsohon Bakanike: Ku ƙara da wannan: tikiti ba ya tabbatar da tururi. In an kwana biyu ba ruwa, tartsatsin bututu na kunna busasshiyar ciyawar gefen layi, sai a haɗa injin dizal ya ɗauke nauyin, ko ya ja jirgin gaba ɗaya. Ranar yayyafi kuma matsalar santsi ce. Ƙafafun na murzawa a wuri ɗaya a hawa, sai direba ya rage tururi ya sako yashi kan dogo. Irin kan jirgin da ake kira Black Five yana ɗaukar kwal tan 9 da ruwa galan 4,000, kuma tun daren jiya ake hura masa wuta kaɗan-kaɗan, don ɗumama tukunya da gaggawa na sa ta yoyo.

Mai Kyamara: Baba, ai ranar sanyi da danshi ma tururin ya fi fitowa fari tas a hoto.

Ɗan Dogo: Haka ne. Amma a tsaya bayan shinge. Taka layin dogo laifi ne a Birtaniya, tararsa na kaiwa fam 1,000.